Ƙasar da mai ya ɓata: a bar ta, a shimfiɗa ta, a tula ta, ko a sayo mata bakteriya?

Idan aka ambaci gurɓacewar ƙasa da mai a wannan yanki namu, hankali yakan fara zuwa kan rijiyoyin Doba da bututun nan mai tsawon kilomita 1,070 da ke kai ɗanyen mai daga kudancin Chadi zuwa gaɓar teku a Kiribi tun shekarar 2003, ko kuma kan taƙaddamar 2013, lokacin da gwamnatin Chadi ta dakatar da aikin kamfanin mai na ƙasar Sin, CNPC, saboda malalar ɗanyen mai a yankin Kudalwa. Waɗannan manyan al'amura ne da ke hannun gwamnatoci da kamfanoni. Gurɓacewar da ta fi kusa da mazaunin Garwa, Marwa, Kuseri ko Injamena ƙarama ce a kowane wuri guda, sai dai tana da yawa kuma ba mai lissafa ta: bayan garejin da aka yi shekara da shekaru ana tuttular da baƙin mai, ƙarƙashin rumfar mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, inda jarkoki ke ɗiga dare da rana, ɗakin janareta, gindin injin ban ruwa a bakin kogin Logon, da gefen titin da tankar mai ta kife. A irin waɗannan wurare ne mai fili, ko mai unguwa, ko ƙungiyar kanikawa, ko ofishin magajin gari, kan rasa yadda za su yi da ƙasar da ta yi baƙi ƙirin, ruwa ba ya shiga cikinta, ciyawa kuma ta daina fitowa.

Hanyoyin da ke hannun mutum a zahiri ba su da yawa. Ko dai a bar ƙasar yadda take a jira ta warke da kanta, ko a haƙe ta a shimfiɗa a riƙa juyawa ana ba ta taki da ruwa, ko a tula ta tsibi guda a gauraye da kashin dabbobi da ɓuntu a rufe, ko kuma a sayo ƙwayoyin bakteriya na kanti a barbaɗa mata. Dukkansu abu ɗaya suka dogara da shi, wato cin da ƙwayoyin bakteriya ke yi wa mai. Abin da nake ganin ya kamata mai zaɓi ya riƙe tun farko shi ne, waɗannan ƙwayoyi suna nan cikin ƙasar tun kafin man ya zuba, kuma abin da ke hana su aiki a mafi yawan lokuta shi ne rashin iska da laima da taki. Saboda haka ma'aunin kowace hanya shi ne ko za ta iya kai waɗannan abubuwa uku ga ƙwayoyin, a irin ƙasarmu da irin zafinmu, kafin man ya riga su isa ruwan rijiya.

Fetur da dizal da kananzir da ɗanyen mai, kowannensu gaurayen ɗaruruwan sinadarai ne da aka gina da kabon da haidirojin, wasu miƙaƙƙiyar sarƙa, wasu sarƙa mai rassa, wasu kuma zobe. Ƙwayoyin da aka fi sani da cinsu a cikin ƙasa sun haɗa da dangin Pseudomonas da Rhodococcus da Acinetobacter da Mycobacterium, waɗanda a ƙasa mai tsabta ba sa kai kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin, amma da zarar mai ya zuba sai su hayayyafa su mamaye. Suna da wasu sinadaran narkarwa da ke liƙa oksijin a ƙarshen sarƙar, daga nan ta rikiɗe mataki-mataki ta zama irin maiƙon da ƙwayar ta saba narkarwa, a riƙa yanke ta kabon bibbiyu har ta ƙare a matsayin iskar kabon dayoksaid da ruwa da jikin sababbin ƙwayoyi. Zobe ya fi wuya, domin sai an sa masa oksijin an fasa shi tukuna, kuma gwargwadon yawan zobban da suka manne da juna, gwargwadon jinkirin aikin. A can ƙarshe akwai masu nauyi irin na kwalta, waɗanda kusan ba abin da ke taɓa su.

Wannan jeri shi ne abu na farko da ke raba gardama wajen zaɓi. Dizal da kananzir su ne suka fi karɓar magani, domin yawancin abin da ke cikinsu matsakaiciyar sarƙa ce, ba ta saurin tashi a iska kuma ba ta gagari ƙwayoyin ba. Fetur yana da sauƙin ci, amma ba ya tsayawa a jira a ci shi: wani ɓangare ya tashi sama, wani ya bi ruwa ya nutse, kuma yana ɗauke da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Ɗanyen man Doba mai nauyi ne da kauri, don haka ko an yi aiki mai kyau a kansa, sai an bar saura mai duhu da ba zai gushe da wuri ba. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa shi ne ya fi dukkansu wahala, saboda ban da sinadarai masu zobba da yawa da ƙonewa ta haifar, yana tafe da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma da zinki, su kuwa ƙarafa babu ƙwayar da ke iya narkar da su; duk hanyar da aka bi, suna nan inda aka bar su.

Batun iska yana buƙatar ɗan lissafi, domin shi ne ke bayyana dalilin da wasu hanyoyi ke aiki wasu kuma ke ɓata lokaci. Kowane kilo guda na mai yana bukatar oksijin kilo 3 ko ɗan fiye kafin ya narke gaba ɗaya. A ɗauki ƙasa mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, mai nauyin kusan kilo 1,500, a ce kashi 1 cikin 100 na nauyinta mai ne. Ke nan kilo 15 na mai, wanda zai ci oksijin kilo 45 zuwa 50. Iskar da ke maƙale a ƙofofin wannan ƙasa ba ta ɗauke da ko kilo guda, don haka sai ta sauya sau ɗaruruwa kafin aiki ya kammala. Ruwa ya fi haka talauci, tunda lita ɗaya ba ta riƙe fiye da miligiram 8 na oksijin a irin ɗuminmu. Ƙasar da ta daskare ko ta jiƙe sharkaf, aikin ƙwayoyin cikinta kusan a tsaye yake.

Masu cewa a bar ƙasar yadda take sukan kafa hujja da cewa rana za ta shanye man, kuma akwai ɗan gaskiya a maganarsu, domin ɗigon dizal a saman jigawa, nesa da rijiya, yakan ragu sosai bayan damina ɗaya ko biyu ba tare da an kashe ko sefa ɗaya ba. Amma rana saman ƙasa kawai take gani. A watan Agustan 1979 wani bututu ya fashe kusa da garin Bemidji a jihar Minesota ta Amurka, aka kwashe abin da za a iya kwashewa, masana suka ci gaba da bibiyar ragowar da ta nutse. Sun ga cewa ƙwayoyin wurin sun hana sinadaran da suka narke a ruwa yin nisa sosai, wannan kuwa nasara ce, amma bayan fiye da shekara 40 man yana nan kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda oksijin ya ƙare da wuri, aikin ya koma hannun ƙwayoyin da ke rayuwa ba iska, su kuwa tafiyar hawainiya suke yi. Kusa da mu, rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a Najeriya a 2011 ya sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na abin da aka ƙayyade, ya kuma nuna cewa juya saman ƙasa da ake yi a matsayin gyara bai wadatar ba, tunda a wasu wurare man ya wuce zurfin mita 5. A ganina barin ƙasa ta warke da kanta zaɓi ne da ya halatta a wuri ɗaya tak: ƙaramar malala ta dizal ko kananzir, wadda aka tono aka ga iyakar zurfinta da ido, aka kuma toshe inda take fitowa, kuma babu rijiya ko mayo, wato rafi, ko gonar fadama a kusa.

Shimfiɗawa da juyawa ita ce hanyar da ta fi kama da aikin da mutanenmu suka riga suka iya, kayan aikinta ma fartanya ne da garma da taki. Ana haƙe ƙasar da ta ɓaci har sai an wuce inda launi da wari suka tsaya, a kai ta fili mai ɗan tudu da aka daɓe ko aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a kewaye shi da kunya don kada ruwan sama ya kwashe ta zuwa gonar maƙwabci, sannan a baje ta kaurin santimita 30 zuwa 45, wato iyakar inda garma ke kaiwa. Jagorar hukumar kare muhalli ta Amurka ta nuna cewa aikin yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara 2, cewa ƙwayoyin sun fi kuzari tsakanin digiri 10 da 45 na zafi, cewa idan man ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin ƙasa yakan zame musu guba sai an sirka da ƙasa mai tsabta, kuma cewa rage man fiye da kashi 95 cikin 100 abu ne mai wuya. Duk wanda ya yi alkawarin ƙasa za ta koma fes cikin mako uku, ya faɗi abin da ba a saba gani ba.

Taki yana da ƙa'ida: ga kowane kashi 100 na kabon, ana neman kusan kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras. A misalinmu na kilo 15 na mai akwai kabon kusan kilo 13, ke nan ana bukatar naitirojin kilo 1.3, abin da za a samu daga yuriya ƙasa da kilo 3 kaɗan, tunda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Ko kuma a haɗa kilo 3 na NPK 20-10-10 da kilo ɗaya da rabi na yuriya, a sami fosfaras ɗin a ciki. Wannan adadi iyaka ce ta sama, kuma kuskure ne a zuba shi lokaci guda, domin yuriya mai yawa a ƙasa mai zafi takan saki iskar amoniya ta ƙona ƙwayoyin da ake son ciyarwa. A raba shi kashi uku ko huɗu a tsawon watanni. A ƙasa mai kanwa-kanwa, irin wadda ake kira harde a yankin Marwa, ya fi kyau a rage takin zamani a ƙara kashin kaji ko na shanu, don gishirin da ke wurin ya riga ya yi yawa.

Raunin wannan hanya a wurinmu ruwa ne. Ƙasa ninki goma na wadda muka yi misali da ita a sama, idan aka baje ta santimita 30, za ta ci fili fiye da murabba'in mita 30, a watan Maris da Afirilu kuwa, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40 kuma saman ƙasa ya fi haka nesa, rana da iska suna iya ɗauke ruwa lita 7 zuwa 10 daga kowane murabba'in mita a yini. Ke nan jarka goma zuwa goma sha biyar kullum, a lokacin da mutane ke layi a bakin famfo. Idan aka gaza, ƙasar ta bushe, ƙwayoyin su kwanta, hunturu kuma ya kwashi ƙurar mai ya watsa cikin gidaje. Shi ya sa lokacin farawa ya fi komai muhimmanci: a shirya fili a ƙarshen bazara, a baje ƙasa da saukar ruwan farko, a riƙa juyawa kowane mako ɗaya ko biyu, a ajiye tamfal don rufewa a ranakun mamakon Agusta, sannan a ci moriyar laimar da ke saura har zuwa kaka. Garwa da ke samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara ta fi dacewa da wannan tsari fiye da Kuseri da Injamena, inda damina ta fi gajarta kuma ruwan bai wuce kusan rabin hakan da ɗan ɗoriya ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: idan fetur ne ya zuba, yawancin raguwar da za a gani a makonnin farko tashi ne ya yi a iska, ba cin sa aka yi ba, saboda haka baje ƙasar fetur a tsakiyar unguwa daidai yake da shaƙar da maƙwabta benzin, ban da haɗarin gobara.

Tulawa tsibi ta fi shimfiɗawa wahala a ranar farko, amma ta fi ta sauƙi a sauran kwanakin. Ana shimfiɗa leda a wuri mai ɗan gangare, a zuba yashi kaɗan, a jera bututun roba da aka huhhuda a bar bakinsu a waje, sannan a riƙa zuba ƙasar da aka farfasa aka gauraya da kashin dabbobi da wani abu mai sa ta saki jiki, kusan kwando ɗaya ga kowane kwando uku na ƙasa. Abin da za a gauraya yana nan ko'ina: ɓuntun shinkafa a Yagwa da Maga, ɓawon gyaɗa, yankakken karan dawa, garin katako daga wurin kafintoci, da tarin kashin shanu na bayan mayanka wanda sau da yawa neman mai kwashewa ake yi. Idan da hannu za a riƙa juyawa, kada tsayin ya wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Kamfanoni masu injin hura iska ne ke kai shi mita 3. A rufe shi da zana, wadda ke ba da inuwa ba tare da ta toshe iska ba, a ɗora tamfal ranar ruwa kawai.

Mai kula da tsibi hannunsa da hancinsa ne na'urarsa. Ya sa safar hannu ya damƙi ƙasa daga ciki ya matse: idan ta dunƙule ba ta ɗiga ba, kuma ta farfashe da aka ɗan taɓa ta da yatsa, laimar ta yi daidai, idan ruwa ya fito tsakanin yatsu an cika shi, idan ta zube kamar yadda aka ɗebo ta, ana bukatar ban ruwa. Cikin tsibi ya kamata ya yi ɗumi, amma idan ya kai zafin da hannu ba zai jure ba, a buɗe a juya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta cewa iska ta yanke a ciki. Da yake tsibi a rufe yake kuma fuskarsa da ke kallon rana ƙarama ce, ruwan da yake sha bai kai na shimfiɗa ba ko kusa, filin da yake ci ma kaɗan ne, shi ya sa nake fifita shi a cikin gari, da lokacin rani, da kuma duk inda ƙasar karal ce. Wannan baƙar laka da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a kanta tana da mugun hali game da mai: da rani ta tsattsage, man ya bi tsagar ya gangara can ƙasa, da damina kuma ta kumbura ta rufe ruf, iska ba ta shiga. Garma kaɗai ba ta iya mata, sai an farfasa ta an cusa mata ɓuntu. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne, ɓuntu da kashin da aka ƙara suna sirka ƙasar, don haka gwaji zai nuna mai ya ragu tun kafin ƙwaya ɗaya ta fara aiki. Samfurin farko da za a kwatanta da shi sai a ɗauke shi bayan an gama gaurayawa.

Sai batun ƙwayoyin kanti, wanda shi ne ya fi jan hankali kuma ya fi cin kuɗi. Tunanin ya daɗe. Ananda Chakrabarty, masani ɗan asalin Indiya da ke aiki a kamfanin General Electric, ya haɗa wata Pseudomonas mai iya cin nau'o'in mai da dama, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1980 cewa yana da damar mallakar haƙƙinta, amma ba a taɓa share wata malala da ita ba. Da jirgin Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a Alaska a 1989, abin da ya yi tasiri a gaɓar teku taki ne da aka watsa wa ƙwayoyin wurin, wanda ya ninka saurin narkewar man. A wani gwaji da aka yi a bakin tekun Delaware a 1994, an kwatanta filayen da aka ba taki kaɗai da waɗanda aka ba taki haɗe da ƙarin ƙwayoyi, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Dalilin a fili yake: ƙwayar da aka raina a ɗakin gwaji, a zafi daidai da abinci daidai, idan aka jefa ta cikin ƙasar da ke da masu ita, takan sha kaye a gasar abinci, wasu halittu su cinye ta, ko zafi ya kashe ta. A wurinmu sai a ƙara da tafiyar da fakitin ya yi daga tashar Duwala a bayan babbar mota cikin rana.

Ba a ce hanyar ba ta da amfani ko kaɗan ba. A Indiya cibiyar binciken makamashi ta TERI ta haɗa wani gungun ƙwayoyi mai suna Oilzapper, aka yi aiki da shi a kan dagwalon mai na matatu da rijiyoyi, sai dai ƙwayoyin daga ƙasar can aka zaɓo su, kuma tare da taki da juyawa ake amfani da su. Inda ƙari ke iya taimakawa shi ne ƙasar da aka tono daga zurfi wadda ba ta da rai sosai, ko saura mai zobba da yawa da ya ƙi gushewa bayan watanni. Ko a nan ma akwai mafita mai araha, wato a ɗebi ƙasa daga tsibin da ya riga ya yi aiki a gauraya a cikin sabo, kamar yadda ake ajiye ɗan kindirmon jiya a zuba wa madarar yau. Wanda kuwa aka kawo wa fakiti aka matsa masa ya saya, ya ware ƙananan filaye uku a jere, ɗaya a juya shi a ba shi ruwa kawai, ɗaya a ƙara masa taki, ɗaya a ƙara masa taki da fakitin, ya jira wata biyu ko uku ya gani. Wannan gwaji yana da muhimmanci domin yawancin irin waɗannan kayayyaki suna ɗauke da taki da sinadarin wanki a ciki, ta yadda ɗan canjin da za a gani zai iya zama nasu ne, an sayar da su da tsadar ƙwayoyi.

Akwai wasu dabaru da ake yi waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Cinna wa wurin wuta yana ƙona sama ya bar ƙasa, ya kashe ƙwayoyin, ya kuma tura hayaƙi mai guba cikin unguwa. Wankewa da omo yana sa man ya bi ruwa ya nutse da sauri. Rufewa da sabon yashi ɓoye matsala ne, binnewa a rami kuwa kusantar da ita ne ga ruwa. Gasa ƙasa a injin da ke fitar da man ya ƙone shi yana aiki cikin kwanaki, amma tsadarsa ta manyan kamfanoni ce. Shuka ciyawa irin su jema da kiri-kiri tana da kyau a matsayin mataki na ƙarshe, tunda saiwoyinsu suna buɗa ƙasa suna ciyar da ƙwayoyin da ke kewaye da su, da sharaɗin kada a bar dabbobi su yi kiwo a kai.

Idan aka sauko kan wuraren da aka ambata, zaɓin yakan fito da kansa. Tankar dizal da ta kife a gefen hanya, abin gaggawa shi ne a tare man da kunya, a kwashe wanda ke kwance, a haƙe ƙasar tun tana sabuwa, domin kowace rana ƙara nutsewa yake yi, musamman a jigawa. Daga nan, idan damina ta kusa kuma akwai fili nesa da gidaje, a shimfiɗa, idan kuwa rani ne a tula. Gindin janareta ko injin ban ruwa, ƙasar ba ta wuce 'yan baro, ƙaramin tsibi ya ishe ta, tare da ɗora injin a kan daɓen siminti mai baki. Rumfar zuwa-zuwa ta fi haɗari fiye da yadda girmanta ke nunawa, saboda fetur ne kuma a tsakiyar jama'a take: a ɗauke ƙasar a fitar da ita bayan gari, a tula a rufe, a hana shan taba da kunna wuta kusa. Gareji kuwa, kafin a taɓa ƙasa sai a fara tara baƙin mai a duro, in ba haka ba aikin banza ake yi, sannan a tula ƙasar da sanin cewa za a rage man ne kawai, ƙarafan suna nan.

Duk wannan ya shafi ƙasa ce kaɗai. Idan aka ji warin mai a ruwan rijiya, ko aka ga wani kyalli mai launuka a samansa, ko malalar ta faru a cikin mayo inda mutane ke tona yashi su ɗebi ruwa da rani, to an wuce aikin fartanya. A daina shan ruwan nan take, a kuma sani cewa tafasawa ba ta mai da shi abin dogaro, sannan a kai magana ga hukumar muhalli. Gyaran ruwan ƙarƙashin ƙasa yana bukatar rijiyoyin gwaji da injinan zuƙe mai da na hura iska, kuma shekaru yake ɗauka. A Kamaru dokar muhalli mai lamba 96/12 ta ranar 5 ga Agustan 1996 ta ɗora kuɗin gyara a kan wanda ya gurɓata, a Chadi kuma doka mai lamba 14/PR/98 ta 1998 ce ta shimfiɗa ƙa'idojin kare muhalli, don haka mai unguwa da ya rubuta ranar da abin ya faru, ya ɗauki hoto, ya riƙe lambar motar, yana da abin da zai tsaya a kai.

Sanin cewa aiki ya kammala ba a barin sa ga hanci, domin sinadarai masu nauyi ba su da wari sosai. Gwajin gida mai sauƙi shi ne a shuka ƙwayar wake ko masara adadi ɗaya a tukwane biyu, ɗaya da ƙasar da aka gyara, ɗaya da ƙasa mai tsabta, a kwatanta tsirowa da tsawon saiwa bayan mako biyu. Wannan yana nuna ko ƙasar ta daina cutar da shuka, amma ba ya auna abin da ya saura, saboda haka duk filin da za a gina gida ko a noma abinci a kansa sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kuma sassan kimiyya na jami'o'in Ngawundare da Marwa da Injamena wurare ne da za a fara tuntuɓa. A ɗebo samfurin daga wurare biyar ko shida na tsibin, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a zuba a kwalbar gilashi a cika ta taf a rufe, a ajiye a sanyi har a kai, domin roba tana shan mai tana ɓata sakamako. Ƙasar dizal ko kananzir da ta ci gwaji ana iya mayar da ita inda aka ɗebo ta, a fara da bishiyoyi ko ciyawa kafin a kai ga kayan miya. Ƙasar gareji kuwa, ko da launinta ya washe, wurinta ƙarƙashin daɓen siminti ne ko cikon hanya a kan tudu, nesa da lambu da rijiya da filin wasan yara.